Tabon Garma a Wuyan Kashka

Laraba, 1 ga Maris 1844

Hunturu na uku ke nan a Kamishli, kuma har yau ban ga abin da ake yabo ba. Fili ne kawai, sai iska, sai kogi mai ciyayi, sai hasumiyar tsaro da mazajenmu ke hawa suna kallon ƙetare. Daga kanta maigidana Gainulla ya faɗo makon jiya, tsanin ya yi ƙanƙara. Ƙafar hagu ta karye ƙasa da gwiwa. Tsoho Fatkulla ya ɗora masa, ya ce kada ya taka sai ciyawa ta fito.

Yana kwance kusa da murhu yana sassaƙa wa ɗanmu Miftah dokin itace. Wai shi daɗi ma yake ji, tunda ya shiga aikin sojan tsaron iyaka bai taɓa kwana uku a jere kusa da 'ya'yansa ba. Ni ma dai, in zan faɗi gaskiya, ɗakin ya fi ɗumi da shi a ciki.

Juma'a, 3 ga Maris

Shayi a tukunyar ƙarfe. Ƙarni yake yi, duk yadda na wanke ta.

Duk sanda na ɗora ta sai na tuna samawar ɗina, tulun dafa shayi na tagulla mai murhu a cikinsa, wanda mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, na rungumo shi a cinya tun daga gida, bakin kogin Sakmara, har nan. Yana can ƙetare a tantin Esenbai. Shi ne tamir ɗin maigidana, wato aminin rantsuwa irin na Kazakawa, makiyayan ƙetaren kogi: duk abin da ɗaya ya gani a gidan ɗaya ya ce yana so, ba a hana shi. Da kaka ya zo, ya sha kofi bayan kofi, ya shafa gemu ya ce, "Tamir, wannan abin nake so." Gainulla ya miƙa masa da ɗuminsa, ko kallona bai yi ba.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce roƙon bi da bi ake yi, yanzu mu ke bin su. To a roƙa mana. Wai ba a gaggawa.

Talata, 14 ga Maris

Sanmu na noma mai baƙin kunne ya mutu da asuba. Ciyawar da muka tara ta ƙare tun watan jiya, rufin rumbu muke zarewa muna ba su. Saura ɗaya, shi ma haƙarƙarinsa a waje.

Kashka kam bai rame ba. Dokin aikin Gainulla ne, ko mu za mu kwana da yunwa sai ya ci hatsinsa. 'Yarmu Shamsinur ta ce da ma ita doki ce. Inna ta dungure mata kai, amma ta yi dariya.

Lahadi, 26 ga Maris

Dinya ta fara ƙwai. Ƙanƙara na narkewa, ruwa na ɗiga daga rufi, yara sun wuni a waje sun dawo da laka har kunne.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Bayan sallar Juma'a ataman, shugaban garinmu, ya biyo duba Gainulla. Ya ce hafsa zai zo duban dawaki wajen ashirin ga Mayu. Ya zauna ya sha shayin tukunyata bai ɓata fuska ba, mutumin kirki ne.

Da ya tafi na ce wa Gainulla ƙasa ta kusa shan iska, da me za mu yi huɗa? Sa ɗaya ba ya jan garma a wannan ƙasa mai saiwa. Maƙwabta duk shanunsu sun galabaita, kafin gayya ta zagayo kanmu ƙasa ta bushe ta zama dutse. Na ce a haɗa Kashka da san.

Ya ajiye wuƙar da yake sassaƙa da ita. "Uwar Miftah, kin san doka. Sarkin Rasha bai ba mu gonar nan don kyan fuskarmu ba. Doki, sirdi, takobi, su ne hayarta. Aka ga tabon garma a wuyansa an soke shi. Aka soke shi, gari ya karɓe gonar ya ba wani har sai sabon doki ya fito daga amfaninta. Shekara nawa ke nan?"

Na ce gonar da ba a shuka ba, da ita da wadda aka karɓe duk ɗaya ne a cikin yaro.

Inna ta ce ya aika wa tamir ɗinsa mana, ko raƙumi ya ba mu. Ya ce sanyin bana ya share musu garke, ba a zuwa gidan makoki da ƙoƙon bara. Shi ke nan ya juya fuska bango.

Litinin, 10 ga Afrilu

Kowa ya fita gona yau. Tamu kaɗai ce kwance, sai tsuntsaye ke yawo a kanta.

Talata, 11 ga Afrilu

Na yi.

Na ce masa zan kai Kashka shan ruwa da motsa jiki. Inna ta biyo ni da san, ba ta tambaye ni komai ba, karkiya ma ita ta ɗauko a ƙarƙashin mayafinta. Karkiyar shanu ce, ba ta zauna a wuyan doki, sai na naɗe ta da guntun bargon ulu. Da fari ya yi ta tirjiya yana waiwayena kamar na zage shi. Doki yana sauri, sa yana nawa, kunyar farko ta fito a karkace har Inna ta ce ko maciji ya fi ta miƙewa. Zuwa hantsi suka daidaita.

Ƙamshin ƙasar nan da aka juya, ban san tana da shi ba. Baƙa ce wuluk, tana maiƙo. A gida tamu ja ce mai tsakuwa. Ba yabo nake ba, abin da na gani na faɗa.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Hannuwana sun yi kanta. Gainulla ya ce motsa jikin nan yana ɗaukar lokaci. Na ce doki ne ya ƙi dawowa. Ya ce, "Haka ne, shi ya sa yake dawowa da laka har ƙirji."

Litinin, 17 ga Afrilu

An gama. Alkama ta shiga ƙasa, da ɗan gero ta gefen kogi. Inna ta dafa ƙwai ta watsa a kunya yara suka tsince, kamar yadda ake yi a gida don ƙwayar ta yi girma. Na zauna a bakin gona na miƙe ƙafa, raina fes.

Sai da na cire bargon da yamma na gani. Gumi ya jiƙa shi, ya yi ta gurzar fata ban sani ba. Gashin ya tafi, faɗin tafin hannu, gefe da gefe, nama ja a waje. Ni da na sa bargon don in kare shi.

Talata, 18 ga Afrilu

Na faɗa masa. Da ma ya ɗaga murya da na fi samun sauƙi. Ya ce a kawo masa sanda, ya dogara har barga yana cije leɓe, ya daɗe yana kallon wuyan. Dokin nan a hannunsa aka haife shi can gida, shi ya koya masa komai, a bayan keken shanunmu ya biyo mu har nan.

Ya ce, "An shuka duka?"

Na ce duka.

"To. Kawo kitsen dinya."

Ya shafa masa da kansa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da na kawo tuwon gero ya ci, har ya ce gishiri ya yi daidai. Wannan ya fi zagi zafi.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Mikin ya kame, amma wurin sumul, ba gashi. Fatkulla ya leƙo ya ce ko ya fito fari zai fito, kuma ba kafin duba ba. Ya ce hafsan nan wuya yake fara shafawa tun kafin ya buɗe bakin doki, ya san halinmu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na ja, sai dai ba ni kaɗai zai doka ba.

Alkama ta tsiro. Na je na tsaya ina kallo, kore shar har inda ido ya tsaya. Wani ne zai girbe ta. Ina ta cewa ba na son wurin nan, amma tunanin wani ya shiga gonar nan da lauje ya hana ni cin abinci.

'Ya'yan dinya sun ƙyanƙyashe. Miftah ya sa ɗaya a hularsa yana yawo da shi.

Litinin, 8 ga Mayu

Kogi ya janye, ana ƙetarewa ta mashigin duwatsu. Na ce wa Inna gobe zan je wurin Esenbai. Tunda ɗanta kunya ta hana shi, ni ba ni da ita. Ya ɗauke mini samawar, zan ɗauko doki, an yi ciniki. Ta ba ni bulalar Gainulla ta ce in rataya a hannu, za su san da yawunsa na zo. Na ce ai ba da yawunsa ba ne. Ta ce bulala ba ta magana.

Talata, 9 ga Mayu

Na je na dawo. Bari in rubuta duka tun ban huce ba.

Kashka na hau, don ba ni da wani, na ɗaura masa ƙyalle a wuya kamar ado. Mai gadin mashigi ya ga bulalar ya kau da kai. Ban taɓa taka ƙetare ba sai yau. Tun kafin tantuna wari ya tare ni, gawarwakin tumaki da dawaki ne a kwari, waɗanda ƙanƙara ta rufe ta kuma tone. Na san an ce sun yi asara, amma ji daban gani daban.

Esenbai da kansa ya fito ya kama mini linzami. "Lale da matar tamir. Ko an zo duba lafiyar samawar ne? Yana nan, ya yi ƙiba, ya ce ba ya komawa." Na ce ai ɓarawo ba ya rasa bakin magana. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya ja dokin ya kai turke, ya ɗan jima a can kafin ya shigo.

Matarsa Ulbosin ta zaunar da ni can ƙurya, wurin manyan baƙi. Ga samawar ɗina a kan akwati mai zane, an goge shi yana walƙiya fiye da yadda na taɓa goge shi, an ɗaura masa jan zare a hannu don kambun baka. Ta ce da shi suka ci hunturu. Da itace ya ƙare, ɗan kashin shanu kaɗan ya ishe shi tafasa, da ruwan zafin nan ta rayar da jaririnta da 'yan raguna biyu a cikin tanti. Ta faɗa ne kawai tana zuba mini, ba don in ji wani abu ba.

Sun yanka mini ɗan akuya. Na ga garken, na san abin da wannan yankan ya ci musu. Na ci ne don ƙin ci zagi ne, amma da ƙyar ya wuce.

A turke na ga dawakin da suka rage. Ƙasusuwa ne a tsaye, sai guda ɗaya, kili mai faɗin ƙirji, Boz, wanda Esenbai yake hawa. Ulbosin ta ce shi ma da bargonsu suka rufe shi, su suka kwana a takure.

Da zan tashi ya yi mini tambayar da suke yi wa baƙo: "To matar tamir, me ke ranki a gidan nan? Faɗi, naki ne." Na buɗe baki da sunan Boz a kan harshena, na dubi jaririn, na dubi kwanon da muka side. Sai na ji kaina ina cewa busasshen cuku nake so, Miftah yana son tsotsa.

Ya kalle ni ya ce, "Kin ƙetare kogi don cuku?" Na ce naku ya fi tsami. Ulbosin ta cika mini jaka.

Na yi kuka a mashigi, na wanke fuska na shigo gari. Inna ta dubi bayana ba doki na biyu, ta dubi jakar, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, wawiya." Ban san wanne zan ɗauka ba.

Lahadi, 14 ga Mayu

Gainulla ya fara takawa ba sanda. Ya ga cukun bai tambayi inda ya fito ba, yana ta ci. Ya ce in aka karɓe gona zai yi sassaƙa, ni in yi saƙa, ba mu ne farau ba. Har ya yi mini waƙar da yake yi mini a bakin rijiya kafin aure, da muryar nan tasa mai kama da ƙofa mara mai. Na ce ya bari yara su yi barci. Bai bari ba.

Juma'a, 19 ga Mayu

Gobe duba. Yau da hantsi sai ga Esenbai a kan Boz, da hular nan tasa ta fatar yanyawa a wannan zafi. Ya zauna, ya sha shayin tukunya ya yamutsa fuska, ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa nake harararsa. Sannan ya shafa gemu. Ina ganin hannun nan ya tafi gemu na san abin da ke tafe.

"Tamir, na zo da roƙo."

Na ce daga bakin murhu, "Sau biyu a jere? Mu ke bin ku."

"Matarka ta karɓi naku, cuku ne, cikin jaka har baki. Kashka nake so."

Wallahi na ɗauki ludayi. Inna ce ta riƙe mini hannu ta matse. Gainulla ya yi fari fat, ya ce dokin yana da tabo, ba abin ba wa mutum ba ne. Esenbai ya ce shi ba hafsa ba ne, wuyan doki ba ya hana shi barci. "Ko za ka hana ni ne, a ji a ƙetare?"

Gainulla ya tashi yana ɗingishi, ya kwance Kashka ya miƙa masa igiya.

Esenbai ya karɓa, ya cire sirdinsa daga bayan Boz ya ɗora wa Kashka, ya ja majanyi. Ya tsaya yana gyara hula. "To ga ka soja ba doki, abin kunya ga tamir ɗinka. Yanzu kai ke bi na. Roƙi."

Gainulla ya bi Kashka da kallo.

"Roƙi mana, rana na yi. Ko in kira matarka ta roƙa maka cuku?"

Sai a lokacin na gane, ludayi na hannuna. Gainulla ya dubi ƙasa ya ce, a hankali, "Boz." Esenbai ya ce, "Kai, ka cuce ni, ɗan birni," ya jefa masa linzami, ya haye Kashka. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce mini in zan sake ɓoye miki in nemi ƙyalle mai kauri.

Bai tsaya cin abinci ba. Ina jin bai so mu ga fuskarsa sanda zai bar kilin nan.

Asabar, 20 ga Mayu

Ya wuce.

Mata muna bayan shinge muna leƙe. Hafsan ya shafa wuya, ya buɗe baki, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi ina jan dokin bara, ataman ya ce an yi musaya. Aka ce a hau. Na ɗaure masa ƙafar da safe har sai da ya ce zan tsinke ta. Boz bai san ganga ba, da aka buga ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, na rufe ido. Da na buɗe Gainulla na bisa, ya zagayo fili ya sare reshen da aka kafa. Hafsan ya ce dokin rabinsa na daji ne amma ba shi da aibu.

Gonar tamu ce. Na yi ta maimaitawa ina kwaɓa gari.

Da la'asar na same shi a barga ya tsaya a turken Kashka, Boz na gefe yana cin hatsi. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Da ba ki yi ba da me za mu ci? Da na iya tashi, ni ma ban san abin da zan yi ba." Ya share hanci ya ce ƙurar ciyawa ce.

Juma'a, 16 ga Yuni

Mazajenmu sun tafi sansani na can kudu, sai kaka. Na ja masa doki har bakin gari kamar yadda ake yi. Boz ya cije ni a kafaɗa. Halin ubangidansa na da.

Mutanen ƙetare ma sun tashi zuwa makiyayar rani. Hayaƙinsu da na saba tsaki in na gani, yanzu babu, wajen ya yi wani iri.

Alhamis, 20 ga Yuli

An yi ruwa mai kyau. Alkama ta kai ƙugun Shamsinur. Yarinyar nan ta fara karatu wurin matar liman, ta ce ita ma za ta riƙa rubutu kamar ni. Na ce ta fara koyon tsefe kanta.

Talata, 15 ga Agusta

Girbi. Bayana kamar zai rabe, amma ba na so a gama. Matan unguwa sun zo gayya, mun yi ta waƙa har muryata ta dushe. Matar ataman ta murza zangarniya ta ce a duk gari ba gonar da ta kai tamu, wai ko dai huɗar doki ta fi ta sa albarka. Ashe duk sun sani. Ba wadda ta taɓa buɗe baki.

Inna ta toya burodin sabuwar alkama, muka ci da zafinsa a tsaye.

Litinin, 11 ga Satumba

Azumi na tafiya lafiya. Rumbu ya cika har na rasa inda zan sa gero. Na ware buhu biyu a gefe, Inna ta tambaya na wa ne, na ce na ɓera.

Litinin, 2 ga Oktoba

Sallah. Gainulla ya dawo shekaranjiya, ya yi baƙi, ɗingishin ya ragu. Ba a yi faɗa ba bana, ɓarayin shanu kawai suka kora sau ɗaya. Ya ce Boz ba ya gajiya, amma har yanzu in ya yi fito Kashka yake nufi.

Miftah ya ƙi yarda da shi sai da ya ga dokin itace a aljihun uban.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Gayyar fige dinya. 'Yan mata sun cika ɗaki da gashi da surutu, muka rataye naman a rumbu ya sha iska. Da suka tafi wanke su a kogi suna watsa gashin fiffike a hanya don dinya ta yi yawa baɗi, Shamsinur ta miƙo mini nawa. Shekara uku ina ƙin watsawa, ina cewa wannan ba kogina ba ne. Yau hannuna a cike yake da kaya, sai na watsar don in huta.

Hayaƙi ya dawo ƙetare.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Kogi ya daskare, mun ƙetare mu duka da buhunan nan biyu da dinya guda. Inna ma ta ce sai ta je, wai zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta tsufa.

Kashka ya hango Gainulla ya yi haniniya har ya kusa tsinke igiya. Gashin ya fito, fari tas, gefe da gefe. Yaran Ulbosin uku suke hawansa a lokaci ɗaya. Na bar su shi da maigidan, ban tsaya kallo ba.

Esenbai ya zura hannu cikin buhu ya daɗe yana murza ƙwayar. Ya ce garken da ya rage ba zai riƙe su ba, yana so in ƙanƙara ta narke ya gwada ɗan fili a bakin ruwa, tunda na riga na lalata masa doki da noma. Na ce zan nuna wa Ulbosin, shi kam ba zai iya ba, mai hula a rani.

Muka sha shayi. Daɗinsa na nan yadda na san shi.

Da za mu tashi ya ce cukun nan ba roƙo ba ne, wasa ne, har yanzu ina bin sa. "Faɗi, matar tamir." Ulbosin ta riga ta juye ruwan samawar, tana goge shi da gefen rigarta, ba ta ɗago kai ba. Kowa ya san abin da zan ce, har Gainulla ya miƙa hannu zai ɗauki samawar ɗin.

Na ce Kashka nake so, aro, lokacin huɗa. Yanzu ba dokin sarki ba ne, ba mai shafa masa wuya. A yi tamu, a ƙetaro a yi tasu.

"Baɗi?"

Na ce duk shekara.

Gainulla ya juyo ya kalle ni. A hanya ya ce, "Duk shekara, uwar Miftah? Ba ke ce kike cewa in wa'adina ya cika ko kwana ɗaya ba za ki ƙara a nan ba?" Na ce ya kula da gabansa, ƙanƙarar na da santsi, ba ni da ƙarfin jinyar wata ƙafar.

Samawar nauyi gare shi, kuma ga yara a hannu. Yana da kyau a inda yake, ba nisa.

Gobe in tuna in ce wa Fatkulla ya ɗinka mini abin wuya na doki, na fata mai laushi, wanda zai daɗe.